Kananzir a Robar Lemo: Haɗarin da Ke Kai Ƙananan Yara Asibiti

Daga cikin gubobin da ƙananan yara ke sha bisa kuskure a ƙasashen da talakawansu suka dogara da risho da fitilar ƙwai da injin janareta, da wuya a sami wadda likitocin yara suka fi cin karo da ita kamar kananzir, sai kuma danginsa da ake tacewa daga ɗanyen mai, wato fetur da dizal da tinar da ake sirka fenti da ita. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka fitar a shekarar 2008 a kan raunukan da ke samun yara ya ƙiyasta cewa gubobi iri-iri sun yi ajalin yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 20 fiye da 45,000 a shekarar 2004, kuma ya ambaci kananzir a sahun gaba na abubuwan da ke jawo matsalar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Nijeriya, nazarin da aka yi a asibitocin koyarwa na Ilorin da Benin da Kalaba, da kuma bitar shekara bakwai da aka buga a 2008 daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, duk sun nuna cewa wannan matsala ce ta yaran da ba su kai shekara biyar ba, kuma kusan kullum a cikin gida take faruwa, a wurin da manya suke kusa.

Yaron da ya fi shiga haɗarin shi ne wanda ke tsakanin shekara ɗaya da uku, wanda ya gama rarrafe ya fara tatata, hannunsa ya kai ga abin da ke ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, amma hankalinsa bai kai ga rarrabe abin sha da abin da ba a sha ba. A wannan shekarun baki shi ne abin da yaro ke gwada komai da shi, kuma warin da zai sa babba ya kau da kai ba ya hana shi kurɓa, domin kafin ɗanɗanon ya dame shi ya riga ya haɗiye. Galibi kurɓi ɗaya ko biyu yake yi ya yar da robar yana kuka, shi ya sa iyaye kan ɗauka cewa abin bai taka kara ya karya ba tunda kaɗan ya sha. Maza sun ɗan fi mata yawa a mafi yawan rahotanni, kuma a ƙasashe masu zafi abin ya fi ƙamari da bazara, lokacin da ƙishirwa ke damun yaro yana neman duk abin da ya yi kama da ruwa.

Tushen matsalar mazubi ne. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen kananzir a jarka mai rubutu da murfi na musamman, kwalba yake saye ko rabin kwalba, wani lokaci ma ƙullin leda, kuma abin da ake aiken yaro da shi wurin mai sayarwa shi ne robar lemo ko ta ruwan sha da aka shanye. Idan an dawo da ita sai a ajiye ta a gindin risho, ko a lungun ɗaki kusa da randa, a daidai wurin da yaro ya saba ganin an ɗauko masa ruwa, kuma da yake kananzir garau yake ko kuma ya ɗan yi ruwan ɗorawa, babu abin da zai raba shi da ruwa ko lemo a idon ɗan shekara biyu da jiya aka ba shi abin sha a cikin irin wannan robar. A gidajen da matan aure ke sana'ar sayar da kananzir, kwalaben awo da mazurari da kofin ɗiba suna nan a tsakar gida daga safe har dare. Haka abin yake ga fetur, wanda 'yan bumburutu ke sayarwa a galan da kwalabe a bakin titi daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram da arewacin Kamaru, kuma wanda masu babur da masu janareta kan shigar da ragowarsa ɗakin kwana don gudun ɓarayi.

Ana iya zaton cewa tsadar kananzir ta rage haɗarin, tunda bayan janye tallafinsa a Nijeriya a 2016 da hauhawar farashin da ta biyo baya, gidaje da yawa sun ajiye risho sun koma ga gawayi da itace da iskar gas. Amma kananzir bai bar gidajen ba, domin da shi ake hura gawayin da itacen, sai dai yanzu ɗan kaɗan ake saye, kuma gwargwadon ƙanƙantar abin da aka sayo, gwargwadon ƙanƙantar mazubin da za a zuba shi, har ya kai ga robar da hannun yaro zai iya ɗagawa shi kaɗai.

Illar tana huhu, ba ciki ba

Kananzir da fetur suna cikin rukunin sinadaran da masana ke kira haidirokabon, kuma abin da ya bambanta su da yawancin gubobi shi ne cewa hanji ba ya tsotse su sosai. Wanda ya sauka cikin tumbi yakan jawo tashin zuciya da ciwon ciki da gyatsa mai wari, wani lokaci da gudawa, sa'an nan mafi yawansa ya fita ba tare da ya yi mummunar ɓarna ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi, inda aka zuba kananzir a tumbinsu aka kuma toshe hanyar da zai iya dawowa sama, sun nuna cewa huhu ba ya lalacewa matuƙar man bai taɓa shi kai tsaye ba. Wanda ke kisa shi ne ɗan digon da ya kauce ya bi hanyar iska.

A maƙogwaron ɗan Adam hanyoyi biyu ne a jere, ta abinci da ta iska, kuma akwai wani ɗan murfin guringuntsi da ke rufe ta iskar a duk lokacin da aka haɗiyi wani abu. Idan ruwa ya kuskure ya shiga hanyar iska sai mutum ya ƙware, ya yi tari ya fitar da shi, abin ya wuce. Kananzir kuwa yana da siffofi uku da ke sa wannan kariya ta gaza. Tsinkakke ne, ba shi da kauri, saboda haka yana silalewa ta 'yar kafar da abu mai kauri ba zai bi ba. Yana da naso, wato digo ɗaya yakan malale ya mamaye wuri mai faɗi, kuma wannan siffa ce ke sa shi hawa lagwanin fitila da kansa. Sa'an nan yana saurin zama tururi, wanda yaro ke shaƙa ya kore iskar oksijin da ke cikin huhunsa. Fetur ya fi kananzir tururi, don haka ya fi saurin jawo jiri da suma, alhali baƙin mai da man shafawa masu kauri ba su cika kutsawa can cikin huhu da irin wannan saurin ba. Abin da bai kai mililita 1 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi, ya isa ya haddasa mummunan ciwon huhu idan ya bi hanyar iska.

A ƙarshen rassan hanyar iska akwai miliyoyin ƙananan jakunkuna, waɗanda a cikinsu ne oksijin ke ratsawa ya shiga jini, kuma cikin kowace jaka a shafe yake da wani siririn maiƙo da likitoci ke kira safaktan, wanda aikinsa shi ne hana bangon jakar mannewa da juna idan an fitar da numfashi. Kananzir yana narkar da wannan maiƙo, sai jakunkunan su manne kamar jiƙaƙƙiyar ledar da ake fama da buɗe bakinta, ya kuma ƙona fatar da ke cikinsu har ruwa da jini su tsattsafo su cika wurin da iska ya kamata ta zauna. Sakamakon shi ne ciwon huhu irin na ƙunar sinadari, wanda alamominsa suka yi kama da nimoniya amma ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba. Magagi da suma da jijjigar da ake gani ga wasu yaran, yawanci ƙarancin oksijin a ƙwaƙwalwa ne ke jawo su, kuma a wasu lokuta, musamman ga fetur, bugun zuciya ma yakan rikice.

Wannan bayani ne ke nuna inda agajin da aka saba bayarwa a gida ya kuskure. Da zarar an ji warin kananzir a bakin yaro, abin da maƙwabta da kakanni kan fara cewa shi ne a sa shi ya amayar, ko a ba shi manja ya karya dafin, wasu kuma su ce madara ko nono ko man gyaɗa ko ɗanyen ƙwai ko ruwan gishiri. Duk wannan ya ginu ne a kan fahimtar cewa gubar tana ciki kuma dole a fito da ita, fahimtar da ke da ma'ana ga wanda bai san yadda man ke aiki ba. Amma kananzir ɗin da ya riga ya sauka tumbi ya tsallake mashigar da ake tsoro, kuma sa yaro amai yana nufin a dawo da shi ya sake bi ta bakin hanyar iska karo na biyu, a daidai lokacin da yaron ke kuka yana jan numfashi da ƙarfi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Sau da yawa yaron da zai tashi da ciwon ciki na yini ɗaya, yatsan da aka zura masa a maƙogwaro ne ya kai shi gadon asibiti.

Ɗura ta fi wannan muni. Yadda ake yin ta sananne ne: a kwantar da yaro a cinya, a danne hannayensa, a tara manja a tafin hannu a bakinsa, a toshe hancinsa don ya buɗe baki ya haɗiye. Yaron da aka toshe wa hanci dole ya ja iska ta baki, kuma abin da ke bakin shi zai ja. Manjan da ya shiga huhu yana haddasa nasa ciwon na daban wanda kan daɗe bai warke ba, ga shi kuma yana tayar da zuciya ya kawo aman da ake gudu. Ruwan gishiri mai yawa kuwa shi kansa guba ne ga ƙaramin yaro, domin yana iya ɗaga gishirin jini har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Bai kamata a ɗora laifin wannan a kan iyaye mata kaɗai ba, tunda su kansu likitocin Amurka sun shafe shekaru suna ba iyaye shawarar ajiye maganin sa amai a gida saboda wasu gubobin, kuma sai a 2003 ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta janye wannan shawara baki ɗaya. Ga kananzir dai, hana amai tsohuwar ƙa'ida ce a wurin likitoci, sai dai ba ta isa tsakar gida ba.

Abin da ya dace a yi a gida bai da yawa. Ana ɗauke yaron daga wurin da man ya zube a fitar da shi inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da fitila, a cire masa tufafin da suka jiƙe domin kananzir yana ƙona fatar yaro idan ya daɗe a kanta, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, idan kuma ya fantsama a ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. Ba a ba shi komai ta baki. Idan amai ya zo da kansa, ko yaron ya fara magagi, ana kwantar da shi ta gefe don abin da ya fito ya zube waje, ba a rigingine ba. Daga nan sai asibiti, ba kemis ba, tare da robar da ya sha daga cikinta.

Lafawar da ke ruɗin iyaye

Akwai yaron da zai yi tari na 'yan mintoci, ya yi kuka, sa'an nan ya lafa har ya koma wasa, kuma a nan ne iyaye da yawa kan yanke shawarar cewa tafiya asibiti ɓata kuɗin mota ne. Tarin farko shi kansa alama ce cewa wani abu ya taɓa hanyar iska, kuma ƙunar da ke cikin huhu tana iya ɗaukar awoyi kafin ta bayyana, har hoton ƙirjin da aka ɗauka da wuri yana iya fitowa lafiya lau. Saboda haka ne likitoci ke riƙe yaro a sa masa ido na aƙalla awa 6, kuma wanda ya cika wannan lokaci ba tari, ba zazzaɓi, numfashinsa daidai, akan sallame shi da sharaɗin a dawo da shi idan wani abu ya canza. Alamomin da ake dubawa su ne saurin numfashi, wanda ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar yake nufin 40 ko fiye a minti ɗaya, da lotsawar ƙasan haƙarƙari idan ya ja iska, da nishi, da buɗewar ƙofofin hanci, da zazzaɓi, da yawan barcin da ba a saba gani ba. Ga yaro baƙar fata, canjin launin da ƙarancin oksijin ke kawowa a harshe da cikin leɓe ake ganinsa, ba a fatar jiki ba.

Kananzir ba shi da makari. Babu allura ko ƙwayar da ke kashe ƙarfinsa, kuma aikin asibiti shi ne tallafa wa numfashin yaro har huhun ya gyara kansa: a auna oksijin ɗin jininsa da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, a sa masa oksijin idan ya yi ƙasa, a yi masa ƙarin ruwa idan ba zai iya ci ba, a sauke zazzaɓi, wanda abin ya tsananta kuma a haɗa shi da na'urar taimakon numfashi. Ba a yin wankin ciki saboda dalilin da ya sa ba a sa amai, garin gawayin asibiti da ake ba masu wasu gubobin ba ya kama kananzir, kuma magungunan rage kumburi na sitiroyid ba su nuna amfani ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba dole ba ne ga kowa, domin wani gwaji da aka yi a asibitin yara na Red Cross da ke Kef Tawun a Afirka ta Kudu, aka buga a 2015, ya nuna cewa ba da amoksisilin tun da farko bai ƙara wa yaran da ciwonsu bai yi tsanani ba komai. Ana ajiye shi ne don wanda alamu suka nuna ƙwayar cuta ta hau kan ƙunar. Iyayen da suka ga an kwana ba a yi wa ɗansu allura ba kan zaci an yi watsi da su, har wasu su nemi sallama, alhali sa idon da oksijin ɗin su ne maganin. Mafi yawan yaran da aka kai da wuri suna murmurewa cikin 'yan kwanaki, ko da yake tabon da ke hoton ƙirji yakan ɗauki makonni kafin ya goge.

Dalilin tafiya da robar asibiti ya fi bayyana a batun fiya-fiya, maganin sauro da kuɗin cizo da ake haɗawa a gida a sayar a ƙananan kwalabe ba tare da rubutu ba. Sau da yawa haɗi ne na maganin ƙwari mai suna daikulobos da kananzir, don haka warin da ke bakin yaron na kananzir ne amma gubar da ke jininsa wata ce daban, wadda ke sa dalalar miyau da gumi da gudawa da ƙanƙancewar ƙwayar ido da cikar ƙirji da majina. Wannan tana da makari, wato allurar aturofin, kuma jinkirin gano ta na iya zama ajali. Uwar da tsoron faɗan miji ya sa ta ɓoye ainihin abin da yaro ya sha, ko yayar da aka bar wa reno ta ƙi faɗin gaskiya don gudun duka, suna ɗaure wa likita hannu ne, kuma wannan dalili ne da ya isa ya sa magidanta su ajiye faɗa sai an dawo gida.

Ƙasashen da suka rage wannan matsala ta hanyar mazubi suka bi. Amurka ta kafa dokar murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba a 1970, kuma daga 2002 ta faɗaɗa ta zuwa kayan amfanin gida masu ɗauke da tsinkakken mai. Misalin da ya fi kusa da yanayin ƙasar Hausa shi ne na gundumar Gelukspan a Afirka ta Kudu, inda aka raba wa gidaje robobi 20,000 masu irin wannan murfi, kuma sakamakon da aka buga a 1994 ya nuna cewa yawan yaran da ke shan kananzir a yankin ya ragu da kusan rabi. Rina man da launi, kamar yadda Indiya ta riƙa rina kananzir ɗin tallafi da shuɗi don hana karkatar da shi, yana taimakon babba ya gane abin da ke cikin roba, amma ga yaron da ya saba da lemo kala-kala launi ba gargaɗi ba ne. Murfin ma yana da iyaka, domin ba ya kare ragowar man da aka bari a kofi ko gwangwanin da aka ɗura wa risho da shi, kuma ba ya amfani idan an gaji da murɗa shi an bar robar a buɗe.

A inda ake sayar da mai da awo a zuba a mazubin da mai saye ya kawo, dokar da ta tsaya a kan masana'anta ba za ta kai ga ɗakin da yaro yake ba. Abin da zai kai shi ne gida ya ware jarka ɗaya mai murfin murɗawa wadda ba ta yi kama da ta abin sha ba, a rataye ta sama ko a kulle ta a wajen ɗakin kwana, a kuma daina aiken ƙananan yara sayen mai. Ma'aikatan da ke yi wa mata bayani a ranar awo da ranar rigakafi suna da damar da babu mai irinta, domin a gabansu iyayen 'yan shekara ɗaya da biyu ke taruwa, kuma jimla biyu sun isa: kada a zuba mai a robar abin sha, kada a sa yaron da ya sha amai ko a yi masa ɗurar manja. Masu sayar da kananzir a unguwa da 'yan bumburutu su ma suna da nasu kason, tunda ta hannunsu kowace kwalba ke bi, kuma ya kamata ƙungiyoyinsu da masu unguwanni su sa su daina zuba wa kowa mai a robar lemo ko ta ruwan sha.